Ƙwaya Ɗaya Kullum: Ran Talaka Ba Abin Bara Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, muna neman aron kunnuwanku a kan wata magana wadda manyanmu suka fi son a yi ta da raɗa, ko ma a binne ta baki ɗaya.

A ran 20 ga watan Janairu na 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata takarda ta dakatar da taimakon da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje har kwana 90. Kafin mako ya zagayo umarni ya iso ga ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin Amurka a Afirka cewa kowa ya ajiye aiki. Daga baya an sassauta, an ce a ci gaba da ba da magungunan da rai ya rataya a kansu, amma ɓarna ta riga ta auku, domin an sallami ma'aikata masu yawa, an kuma rufe wuraren gwaji da na ba da shawara. A watan Maris na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 8 waɗanda ta ce maganin cuta mai karya garkuwar jiki yana iya yanke musu cikin 'yan watanni. Nijeriya, giwar Afirka, mai tinƙaho da arzikin man fetur, tana cikin wannan jeri tare da Haiti da Sudan ta Kudu da Mali da Burkina Faso.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu yi wa Trump Allah ya isa ba. Ba mu muka zaɓe shi ba, bai kuma taɓa dafa littafi mai tsarki ya rantse zai kare rayukan 'yan Nijeriya ba. Waɗanda suka yi wannan rantsuwa suna nan Abuja da manyan biranen jihohi, su ne kuwa muke tuhuma. Yaya aka yi numfashin mutum kusan miliyan 2 na ƙasar nan ya rataya a bakin alƙalamin wani baƙo da ke ƙetaren teku?

Bari mu fara da maganin kansa, domin rashin sani ya fi dare duhu. Wanda aka fi bayarwa a asibitocinmu ƙwaya ce guda wadda ma'aikatan lafiya ke kira TLD, watau haruffan farko na magunguna uku da aka cure wuri ɗaya: tenofobir miligiram 300, lamibudin miligiram 300, da dolutegrabir miligiram 50. Ƙwayar cutar HIV ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta kutsa cikin wasu sojojin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki, ta kwafe saƙon halittarta, ta liƙa shi cikin littafin halittar sojan, daga nan sojan ya koma masana'antar ƙera abokan gabansa har ya mutu. Tenofobir da lamibudin suna lalata aikin kwafin, shi kuwa dolutegrabir yana hana liƙawar. Dalilin haɗa uku shi ne cutar gwanar rikiɗa ce. In an tare ta da magani guda, ba a daɗewa sai ta sake kama ta kuɓuce, amma tsallake shinge uku a lokaci ɗaya yana yi mata wuya ƙwarai.

Wanda ya riƙe wannan ƙwaya kullum, yawanci cikin wata shida cutar takan ragu a jininsa har awon asibiti ya kasa ganinta. Sojojin jini su farfaɗo, nama ya dawo, mutum ya koma gona ko ofis ko aji, ya tsufa kamar kowa. Daɗin daɗawa, wani babban bincike da aka bayyana a 2011 ya nuna fara magani da wuri yana rage yaɗuwar cutar tsakanin miji da mata da kashi 96 cikin ɗari, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar cewa wanda cutar ta ɓace daga awon jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Mai ciki da ke shan magani tana da kyakkyawan zaton haifar ɗa lafiyayye. Mai azumi ma yana iya tsara shansa da sahur ko bayan buɗa baki bisa shawarar likita, tun da sau ɗaya ne a yini.

Sai dai akwai sharaɗi, a kansa kuma dukan maganarmu ta ginu. Wannan magani yana danne cutar ne, ba ya kashe tushenta, domin takan laɓe cikin wasu sassan jiki tana jiran ranar da za a ɗaga mata ƙafa. In aka daina sha, cikin 'yan makonni ta dawo jini. In ana sha ana tsallakewa, an ba ta damar koyon maganin, har ta kai ya daina yi mata aiki, a koma neman wani mai tsada da wuyar samu. Wanda kuma yake da ciwon hanta nau'in B tare da ita, yanke tenofobir da lamibudin farat ɗaya yana iya tayar masa da hantar. Ashe ke nan maganin sarƙa ce mai zobe 365 a shekara, kowane zobe kwana guda. Duk wanda ya tsinka zobe ɗaya, ko minista ne ko mai maganin tasha ko maƙwabci mai tsegumi, ya sa hannu cikin jinin ɗan'uwansa.

Masu mulki suna son mu ɗauka wannan ƙwaya kyauta ce da Turawa suka jefo mana don tausayi. Tarihi ya ƙaryata su. An fara ba da rahoton cutar a Amurka a 1981, masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano ƙwayar da ke kawo ta a 1983, Nijeriya ta bayyana mutum na farko mai ɗauke da ita a 1986. Maganin farko, AZT, ya fito a 1987, amma sai a 1996, a taron birnin Vancouver na Kanada, aka nuna wa duniya cewa haɗa magani uku yana tashin wanda aka fid da rai da shi. Daga wannan shekara mutuwa ta ragu ƙwarai a Turai da Amurka. A Afirka kuwa aka ci gaba da haƙa kaburbura, domin kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000, kamfanonin da ke riƙe da takardun mallakar ƙirƙira kuma sun kafa ƙafa sun ce ba mai kwaikwayon kayansu. Marasa lafiya na wancan zamani, waɗanda suka sami hali, sukan haɗiye tulin ƙwayoyi safe da rana da dare.

Talakawa ne suka fasa wannan ƙofa. A watan Disamba na 1998 masu ɗauke da cutar a Afirka ta Kudu suka kafa ƙungiyar fafutukar neman magani, ɗaya daga cikin shugabanninta, Zackie Achmat, ya ƙi shan maganin da yake da halin samu har sai gwamnati ta yarda ta ba kowa. A 2000 yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, ya tsaya gaban babban taron duniya a birnin Durban ya kunyata manya, shekara ba ta cika ba ya rasu. Kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu don hana ta shigo da magani mai rahusa, amma tofin Allah tsine da ya taso musu daga ko'ina ya sa suka janye ƙarar a watan Afrilu na 2001. A farkon wannan shekara Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya yi tayin sayar da magani uku kan dala 350 a shekara, watau ƙasa da dala ɗaya a rana, kamfaninsa kuma ya cure ukun cikin ƙwaya guda mai suna Triomune, abin da ya gagari Turawa domin kowane magani da mai shi. A watan Nuwamba na 2001, a birnin Doha, ƙasashen duniya suka amince cewa dokar mallakar ƙirƙira ba za ta hana ƙasa kare lafiyar mutanenta ba.

Bayan wannan ne aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da wannan cuta da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, Amurka kuma ta ƙaddamar da shirinta na PEPFAR a 2003. A 2006 aka amince da Atripla a Amurka, ƙwaya ta farko da ta haɗa cikakken magani a sha sau ɗaya a yini, bayan kamfanonin Gilead da Bristol-Myers Squibb sun yarda su haɗa kayansu. Dolutegrabir ya fito a 2013. A 2017 aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa ƙasashe matalauta TLD kan kimanin dala 75 a shekara, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maganin da ke da dolutegrabir shi ne zaɓi na farko, a 2023 kuma Asusun Duniya ya sanar cewa farashin ya sauko ƙasa da dala 45. Daga dala 10,000 zuwa dala 45! Mutanen da cutar ta kashe a duniya sun kai kimanin miliyan 2 a 2004, a 2024 kuwa kimanin 630,000 ne, alhali mutum fiye da miliyan 31 suna shan magani.

To, sa'ad da wasu ke wannan gwagwarmaya, me shugabanninmu suka yi? A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a nan gidanmu, suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Fiye da shekara 20 bayan haka, mai masaukin baƙi ba ta ko kusanci wannan adadi ba, yawancin shekaru tana lilo ne tsakanin kashi 4 da 6. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ba da magani ga manya 10,000 da yara 5,000, ba a yi nisa ba magani ya yanke wa waɗanda aka fara wa. A 2006 aka mai da shi kyauta, madalla da wannan, amma kyautar da aljihun wani ake yinta. Mafi yawan kuɗin da aka kashe kan wannan cuta a ƙasar nan har zuwa 2025 daga PEPFAR da Asusun Duniya ya fito. Gwamnatoci suka zo suka wuce, kowacce ta yi bikin ranar 1 ga Disamba da riguna da huluna da jawabai, ta koma barci. Sai da Trump ya janye tabarmarsa sa'an nan Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi firgigit a watan Fabrairu na 2025 ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani cikin gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za su ce babu kuɗi. Mu yi lissafi irin na ɗan firamare. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Nijeriya. Mu ce miliyan 2, a ninka da dala 45, an sami dala miliyan 90 a shekara. Gaskiya ne akwai kuɗin awon jini da albashin ma'aikata da sufuri a kan wannan, amma ƙwayar kanta ke nan. Jirgin saman da aka saya wa fadar Shugaban Ƙasa a 2024 jaridu sun ruwaito kuɗinsa ya kai dala miliyan 100. A 2023, ana tsakiyar kukan tsadar rayuwa, 'yan Majalisar Tarayya suka sami sababbin manyan motoci na alfarma. Ƙasar da ke iya wannan ba ta da bakin cewa ta rasa kuɗin ƙwaya. Abin da ta rasa shi ne ganin darajar mai shan ƙwayar.

Kada kuma su ce abin ya fi ƙarfin ƙasa mai tasowa. Brazil ta kafa doka tun 1996 cewa kowane mai cutar a ba shi magani kyauta, ta riƙa haɗa wasu magungunan a masana'antar gwamnati, a 2007 kuma ta yi amfani da ikonta na doka ta ba da izinin kwaikwayon maganin efabirenz sa'ad da mai shi ya ƙi rage farashi yadda ya kamata. Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu shan magani, ita ke sayen mafi yawan ƙwayoyinta da kuɗin harajinta. A Uganda akwai masana'antar da ke haɗa waɗannan magunguna a Kampala. A Kenya wani kamfani ya sami shaidar inganci ta Hukumar Lafiya ta Duniya a kan TLD a 2023, a 2025 kuma Asusun Duniya ya sayi kayansa ya kai Mozambik. Mu kuwa, da yawan jami'o'inmu da tulin masu digirin haɗa magunguna da ke yawo da takardu a hannu, muna zaune muna jiran jirgin ruwa daga Indiya wanda wani ya biya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Gwamnati ba ita kaɗai ke tsinka sarƙar ba. Akwai 'yan damfara da ke cika rediyo da tashoshin mota da wayoyinmu da alkawarin warkarwa cikin kwana arba'in, sharaɗinsu na farko kuwa shi ne a ajiye maganin asibiti. Mun ga inda wannan hanya ta kai wasu. A 2007 Yahya Jammeh na Gambiya ya ce ya gano maganin cutar, ya tara marasa lafiya ya sa suka daina shan ƙwayoyinsu, wasunsu suka mutu. Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu ya yi ta shakkar cewa HIV ce ke kawo ciwon, ya jinkirta ba da magani, masana a Jami'ar Harvard suka ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin ya ci rayuka fiye da 330,000. Mun san dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da maganin Turawa. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da aka sa yara kimanin 200 a ciki, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan zargi yana da tushe. Amma maganinsa shi ne hukumomi masu haƙora da masana namu masu auna kowace ƙwaya. TLD kuwa miliyoyin mutane sun sha ta shekara da shekaru, illolinta sanannu ne, kamar ƙarin ƙiba da rashin barci ga wasu, da bukatar lura da ƙoda, likita kuma ya san yadda zai bi da su. Mai sayar da ruwan jarka bai taɓa nuna wa kowa awon jini ko ɗaya ba.

Sa'an nan akwai harshen jama'a, wanda ya fi almakashi kaifi. Matar da ke ɓoye kwalbar maganinta cikin buhun gero don tsoron kishiya, wata rana za ta rasa damar sha. Ma'aikacin da ke tafiyar kilomita ɗari zuwa wani gari don kada a gan shi a layin asibitin unguwarsu, ranar da kuɗin mota ya gagara ya tsallake wata guda. Ɗalibin da abokan ɗakinsa suka ware masa kofi da cokali zai gwammace ya zubar da ƙwayar da a sake ganinta a akwatinsa. Masu cewa alhakinsu ne ya kama su, muna tambayarsu: wane zunubi jariri ya yi, alhali Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa daga uwa? Wane laifi amaryar da aka kai ɗakinta tana budurwa ta yi? Ko wanda aka ƙara wa jini bayan haɗarin mota? Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu cutar bambanci a wurin aiki da makaranta da asibiti, amma dokar da ba a karanta wa jama'a ba takarda ce kawai. Kada kuma 'yan Arewa maso Yamma su yi barci don binciken 2018 ya ba yankin kashi 0.6 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta a ƙasar. A yanki mai yawan jama'a irin wannan, ƙaramin kaso dubban gidaje ne.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba roƙo muke yi ba. Gwamnatin tarayya ta sa kuɗin sayen wannan magani gaba ɗaya cikin kasafinta na kowace shekara, a saki kuɗin kan lokaci, a buga wa jama'a abin da aka saya da inda aka kai. Kowace jiha ta ɗauki albashin ma'aikatan da masu ba da taimako suka sallama, ta kuma soke kuɗin kati da na awo da ake tatsar marasa lafiya da sunan maganin kyauta. A tanadi ajiyar magani ta aƙalla wata shida, domin rigimar siyasar wata ƙasa kada ta sake zama ajalin wani a Funtuwa ko Azare. A ba kamfanonin gida tabbacin ciniki in sun cika sharuɗɗan inganci, yadda za su iya kafa masana'anta. Hukumar NAFDAC da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin su rufe bakin masu tallan warkarwa na ƙarya. Taimakon waje in ya zo muna maraba, amma ya zama miya a kan tuwon da muka tuƙa da kanmu.

Ku kuma matasan ma'aikata, ta teburinku fayil ke bi. Takardar sakin kuɗin magani da ta kwana wata uku a cikin durowa tana da gawa a bayanta, ko da ba ku ga gawar ba. Ku ɗalibai, ku je a auna jininku, ku ja abokanku, ku tambayi ɗan majalisar mazaɓarku nawa jiharku ta ware wa wannan aiki bana, ku rubuta amsarsa ku liƙa a allon sanarwa. In wani ya amince muku ya faɗi sirrinsa, ku riƙe amana, ku zama masu tuna masa lokacin shan ƙwaya. Waɗanda suka sauko da farashin nan daga dala 10,000 ba su da mulki, ba su da dukiya, da yawansu ma suna jinya ne sa'ad da suka fito titi. Sun yi nasu, saura namu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wassalam.